Kafin a tsige tsohuwar tamostat daga bango: yadda ake gano abin da ya hana ɗaki kai zafin da aka saita

Bahaushen da karatu ko aiki ya kai Niyok, Shikago, Toronto ko Manchesta, in dai tsohon gida yake haya, ba zai rasa wata 'yar na'ura a bangon falo ko a lungun shiga ɗakuna ba, mai lambobi da abin murɗawa. Ita ce tamostat, kuma ita ke ba injin ɗumama gida umarnin ya kama ko ya tsaya. Idan hunturu ya kankama, ƙorafin da ake yi da ita iri biyu ne. Ko dai a saita ta a digiri 70 na Faranhait, wato kusan 21 na Salshiyos, ɗaki ya tsaya a 65 yara suna rawar ɗari, ko kuma zafi ya yi yawa har a buɗe taga ana tsakiyar zubar dusar ƙanƙara, kuɗin gas kuma yana ta hawa. Wasu sai su murɗe ta zuwa ƙarshe, wasu su nufi kanti su sayo sabuwa. A ganina duka biyun gaggawa ce. Tsohuwar tamostat ba ta cika lalacewa ba, don abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa ko dai wurin da aka kafa ta ne yake ruɗinta, ko an bar saitinta bai dace da injin ba, ko kuma ta ba da umarni daidai injin ne ya gaza. Wanda bai auna ya rarrabe waɗannan ba, zai iya kashe kuɗi ya wayi gari da sanyin jiya.

Sai an san yadda take aiki kafin a iya tuhumarta. Tun 1883 wani malami a jihar Wiskonsin, Warren Johnson, ya yi rajistar tamostat ta ɗaki mai aiki da lantarki, kuma zagayayyar nan ta kamfanin Honeywell da Henry Dreyfuss ya tsara fasalinta ta shiga kasuwa a 1953, har yau tana bangon gidaje masu ɗimbin yawa a Amurka da Kanada. In aka cire murfin za a ga wani siririn ƙarfe naɗaɗɗe. Ƙarfe biyu ne aka manne, ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa in ya ji zafi, don haka naɗin yakan ɗan warware ko ya ɗan ƙara murɗewa gwargwadon zafin iskar da ta taɓa shi. Irin wannan ƙarfen ne ke sa dutsen guga na lantarki ya riƙa ɗaukewa da kansa. A bakin naɗin akwai 'yar kwalba mai ɗigon zaiba a ciki. Idan sanyi ya karkata kwalbar, zaibar ta gangara ta haɗa wayoyi biyu, wuta ta wuce, injin ya tashi. Zafi ya dawo, kwalbar ta karkata ɗaya gefen, haɗin ya rabu. Waɗanda ba su da zaiba suna da bakin ƙarfe biyu da ɗan maganaɗisu da ke sa su haɗe farat ɗaya. Iyakar abin ke nan: makunni ne mai jin zafi, kuma bai san komai ba sai kunnawa da kashewa. Shi ya sa murɗa ta zuwa 85 ba ya ƙara wa wutar injin ƙarfi ko kaɗan, sai dai ya hana shi tsayawa a lokacin da ya kamata.

Kafin hannu ya taɓa waya, a tabbatar da irin wutar da ke ciki, domin a nan ne kuskure ke iya cin rai. A yawancin gidajen Amurka da Kanada masu injin gas ko na mai, wayoyin sirara ne masu launi-launi, suna ɗauke da bolt 24 daga wata ƙaramar taransifoma. Jar waya a kan harafin R ita ke kawo wuta, farar da ke kan W ita ke kiran zafi. Amma gidan da ake ɗumama shi da hitar lantarki ta gindin bango, tamostat ɗinsa na ɗauke da bolt 120 ko 240, wayoyinta masu kauri ne. A Ingila kuwa, tsofaffin tamostat na bango galibi wutar gida ce ta bolt 230 ke ratsa su kai tsaye. Mai irin waɗannan biyun, iyakarsa awo da lura, buɗewa aikin mai gyaran wuta ne. Ko mai bolt 24 ma, a kashe makunnin injin kafin a kwance waya, saboda in R ta taɓa wata wayar da ke kan harafin C fiyus ɗin allon injin yana ƙonewa, wani lokaci har taransifomar. In kuma ana jin warin gas, ko mutanen gida na fama da ciwon kai da jiri duk sa'ad da injin ke aiki, maganar tamostat ta ƙare, a fita waje a kira ma'aikatan gas, don ciwon kan da jirin na iya zama alamar iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi.

Aikin gaske yana farawa da ma'aunin zafi na dabam. Ma'aunin da ke jikin murfin tamostat ba shi ne ke yanke hukunci ba. Naɗin ƙarfensa dabam ne da wanda ke juya kwalbar, don haka yana iya nuna 66 alhali ɗakin yana 70 cif, mutum ya yi ta zargin na'urar da ke aikinta daidai. A samo ma'auni mai kyau. In mai tsinin ƙarfe ne da ba ya gudun ruwa, a gwada shi a kofin da aka cika da dakakkiyar ƙanƙara da ruwa kaɗan, ya kamata ya nuna sifili na Salshiyos, wato 32 na Faranhait. A manna shi a bango dab da tamostat, a sa ɗan ƙyalle tsakaninsa da bangon don kada ya auna sanyin siminti ko katako, a bar shi rabin awa. Daga nan a ɗauki takarda a riƙa rubuta abu uku: zafin da ma'aunin ya nuna lokacin da injin ya tashi, wanda ya nuna lokacin da ya tsaya, da mintunan da ya yi yana aiki. A maimaita na tsawon yamma guda. In akwai ma'auni na biyu, a ajiye shi inda ake zama, a tsayin kujera. Wannan takardar ta fi duk wani hasashe amfani. Hawa da saukar digiri ɗaya ko biyu na Faranhait a kusa da saitin ba matsala ba ce, haka aka ƙera ta, don da za ta kunna ta kashe a kan ɗigo guda da injin ya mutu da wuri.

Tambayar da ke raba gardama ita ce wannan: a lokacin da ɗakin yake ƙasa da saiti, injin yana aiki ko yana tsaye? Idan yana ta aiki ba hutu kuma zafin ya ƙi hawa, tamostat ta fita daga zargi, ta kira kuma an amsa mata, ƙarfin ne bai kai ba. Idan kuwa yana tsaye ko yana kamawa yana ɗaukewa bayan minti biyu ko uku, akwai gwaji mai sauƙi ga mai bolt 24. A kashe wutar injin, a cire tamostat, a haɗa R da W da guntuwar waya, a mayar da wuta, a tsaya a wurin ana kallo. In injin ya kama ya zarce ba yankewa har gida ya ɗumama, laifin yana bango. In ya ci gaba da ɗaukewa duk da an tsallake tamostat, laifin yana wurin injin. Ba a barin wannan haɗin a tafi, don babu mai tsayar da injin sai an raba wayoyin.

A ɓangaren injin, abin da ya fi yawa shi ne filtar iska da ta toshe da ƙura. Iska ba ta wucewa sosai, cikin injin ya yi zafi fiye da kima, makunnin kariya ya kashe wutar kafin ɗaki ya samu rabonsa. Canza filta aikin minti biyar ne, kuma siraran filtoci ana canza su ne tsakanin wata ɗaya zuwa uku. Ana duba kuma ko kujera ko kafet ta rufe ƙofofin da iska ke fita da komawa. Gidan da ruwan zafi ke zagayawa cikin radiyeta, a shafa a ji: in ƙasa da zafi sama da sanyi, iska ce ta taru, ana sakinta da ɗan makulli har ruwa ya fara ɗiga. A gidajen Ingila akwai wani kuskure da ake yawan yi, wato a rage bawul ɗin radiyetar ɗakin da tamostat take, sai ɗakin ya kasa kai saiti, injin ya yi ta ci, sauran ɗakuna su yi zafi kamar me. Sandar da ke gano harshen wuta in ta yi dauɗa takan sa wutar ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, amma wannan da duk abin da ya shafi bawul ɗin gas na ƙwararre ne, a Ingila ma doka ta keɓe aikin ga masu rajistar Gas Safe. Akwai kuma daren da sanyi ke wuce abin da aka auna injin a kansa, tsohon gida mai tagogin da iska ke shiga yana zubar da zafi fiye da yadda ake zuba masa. Wannan maganinsa toshe kafofi ne.

In gwaji ya nuna bango, a fara da wurin kafin na'urar. Tamostat ba ta san zafin gida ba, zafin iskar da ke shafarta kawai ta sani. Ƙa'ida ita ce a kafa ta a bangon ciki, kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa, inda iska ke yawo. Fitilar tebur a ƙarƙashinta, talabijin a gefenta, hasken rana na yamma, bututun ruwan zafi a cikin bangon, ko ƙaramar hitar da aka kunna a falo, duk suna sa ta ɗauka gida ya ɗumama, ta kashe injin ɗakunan kwana suna sanyi. A ƙaramin gidan da kicin ke kallon falo, awa biyu na dahuwar miya da tuƙin tuwo sun isa su hana injin tashi duk yamma. Akasin haka kuma, in tana kusa da ƙofar waje ko a bangon da ke fuskantar waje, sanyi take ji kullum, gida ya yi ta zafi. Wani abu da ido ba ya gani shi ne ramin da wayoyi suka fito ta ciki. Iska mai sanyi daga cikin bango tana hurowa kai tsaye a bayan naɗin. Ana toshe ramin da ɗan abin liƙi marar kama wuta, kuma wannan kaɗai yakan gyara saɓanin digiri da yawa. A nan ne ma'auni na biyu ke amfani: in na kusa da tamostat ya yi daidai da saiti amma na wurin zama ya bambanta sosai, na'urar lafiyarta ƙalau, mazauninta ne ba daidai ba.

Sai tsafta da daidaito. Ƙurar shekaru da ta lulluɓe naɗin tana jinkirta jinsa, ana kaɗe ta da burushi mai laushi ba tare da lanƙwasa komai ba. Masu bakin ƙarfe ana zura farar takarda mai ɗan kauri tsakanin bakunan a ja a hankali, ba a sa sanfefa. Mai zaiba kuwa dole ta zauna daidai a kan lebur, tunda nauyin ɗigon ne ke aiki. In fenti ko gyaran bango ya sa ta ɗan karkata, za ta riƙa yankewa da wuri ko a makare, kullum da saɓani iri ɗaya. A sassauta sukurorin faifan da ke manne da bango, a ɗora lebur a kan alamomin da aka yi don haka, a daidaita, a ɗaure.

Ɓangaren da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne wani ɗan abu da masu gyara ke kira antisifeta, wanda yawancin masu gida ba su san da shi ba. Mai dafa madara takan janye itace kafin ta tafaso, don ta san zafin tukunya zai ƙarasa aikin. Injin ɗumama ma haka yake, bayan an kashe wutar ƙarfensa da radiyetocinsa suna ci gaba da fitar da zafi na mintuna. In tamostat ta jira sai ɗaki ya kai 70 sannan ta yanke, zai zarce zuwa 73 ko fiye. Don haka aka sa wata siririyar waya kusa da naɗin wadda ke ɗan ɗumi duk lokacin da wuta ke ratsa ta, tana sa naɗin ya yanke kaɗan kafin lokaci. Tana da 'yar allura mai zamewa a kan lambobi, a zagayayyar Honeywell daga 0.1 zuwa 1.2, kuma lambobin amfiya ne, wato yawan wutar da bawul ɗin gas ko allon injin ke ja. In allurar tana ƙasa da abin da injin ke ja, wayar tana zafi da yawa, tamostat ta yanke da wuri, injin ya yi ta kamawa yana ɗaukewa, ɗaki ya tsaya ƙasa da saiti, musamman a ranakun tsananin sanyi. In tana sama da kima, injin ya daɗe yana ci, zafi ya zarce, sannan a daɗe cikin sanyi kafin ya dawo. Dalilin da ya sa ake yawan samun wannan a tsofaffin gidaje shi ne an canza injin an bar tamostat da saitin injin da ya gabata.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a auna. Ana haɗa mitar amfiya ta wutar AC tsakanin R da W, a bar injin ya tashi har babbar wutar ta kama, a karanta bayan kamar minti guda, a kai allurar kan wannan lambar. Wani lokaci lambar tana rubuce a jikin bawul ɗin gas. Injin gas mai hura iska na yau da kullum yakan faɗa wajen 0.4, na ruwan zafi kuma ana kai shi sama, wajen 0.8, don radiyeta ta fi son dogon zango. Wanda ba shi da mita zai iya bin takardar awonsa. In injin na yankewa da wuri, a matsa allurar layi ɗaya wajen lamba mafi girma, inda kibiya mai kalmar LONGER ke nunawa. In zafi na zarcewa, a dawo da ita layi ɗaya. Layi ɗaya tak, sannan a jira yini guda a sake awo. Rashin wannan haƙurin ne ke sa mutum ya rikita abin har ya manta inda ya faro, don haka a ɗauki hoton allurar kafin a taɓa ta. Tsofaffin tamostat na Ingila suna da makamancin wannan ɗan ɗumin, amma sai an haɗa masa wayar nutural yake aiki, kuma in mai haɗin ya bar ta, hawa da saukar zafin yakan yi faɗi sosai. Mai gyaran wuta ne zai duba.

Akwai noti a gindin naɗin da ake juyawa don sake daidaita awon gaba ɗaya, kuma shi ne abin da hannu ke saurin kaiwa. Ni ina ganin a bar shi ƙarshe, in ma za a taɓa shi. Numfashi da ɗumin yatsa kaɗai suna motsa naɗin yayin da ake aikin, kuma ɗan juyi kaɗan yana sauya digiri da yawa, garin gyaran gira a rasa ido. In bayan duk abin da ya gabata saɓanin ya tsaya a digiri biyu ba ya canzawa, ya fi sauƙi a san cewa 72 a wannan bangon yana nufin 70, a yi alama da biro.

Mai karatu zai iya cewa, me ya sa za a sha wannan wahala alhali tamostat ta zamani ba tsada gare ta ba? Maganar tana da ƙarfi. Ta dijital ta fi auna zafi daidai, ba ruwanta da lebur, tana rage zafi da dare da kanta, kuma ba zaiba a cikinta. In wayar antisifeta ta ƙone, ko naɗin ya lanƙwashe, ko saɓanin yana yawo yau sama gobe ƙasa, canzawa ce mafita, ba musu. Amma sabuwa da aka ɗaura a kan ramin da ke huro sanyi, ko a gefen fitila, za ta yi kuskuren tsohuwar daidai wa daida, kuma ba ta buɗe toshasshiyar filta. Tana da nata saitin da ya maye gurbin antisifeta, wato sau nawa injin zai tashi a awa, kusan 5 ga injin gas mai iska, 3 ga ruwan zafi, 1 ga tururi, kuma in aka bar shi yadda ya zo daga kamfani a gidan radiyeta, ƙorafin zai dawo. Masu haɗawa da intanet da yawa suna buƙatar wayar C, tsofaffin gidaje kuwa waya biyu kawai aka ja musu. Batirinta ma in ya yi rauni tana iya barin gida cikin sanyi. Saboda haka ko wanda ya yanke shawarar canzawa, awon nan bai faɗi a banza ba, shi zai nuna masa inda zai kafa sabuwar da yadda zai saita ta.

Wani kuma zai ce shi ɗan haya ne, gyara ba nasa ba ne. Haka ne, bai kamata ya kwance waya ba tare da izinin mai gida ba. Amma awo da rubutu ba sa buƙatar izini, kuma su ne hujjarsa. A birnin Niyok, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, doka ta wajabta wa mai gida ya riƙe zafin ciki a digiri 68 na Faranhait da rana idan waje ya sauka ƙasa da 55, da dare kuma 62 ko yaya waje yake, kuma ana kai ƙara ta lambar 311. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada zafin cikin gida ya gaza digiri 18 na Salshiyos a lokacin sanyi, tsofaffi da jarirai ma suna iya buƙatar fiye da haka. Wanda ya je da takarda mai kwanan wata da lokaci da lambobi, ya fi wanda ya ce kawai gidan da sanyi samun biyan buƙata, mai gyaran ma aikinsa ya ragu.

In an kai ga cire mai zaiba, don Allah kada a jefa ta a shara. Kowace kwalba tana ɗauke da kusan giram 3 na zaiba, guba ce mai illa ga ƙwaƙwalwa, musamman ta yara da 'yan tayi. A Amurka kamfanonin da ke ƙera ta a lokacin sun kafa Thermostat Recycling Corporation tun 1998, kuma kantunan dillalan kayan ɗumama da yawa suna karɓarta kyauta. A sauran ƙasashe ana kai ta wurin da hukumar gari ta ware wa shara mai haɗari. A miƙa ta yadda take da murfinta, kada a ciro kwalbar. In tsautsayi ya sa ta fashe, a fitar da yara, a buɗe taga, a tattara ɗigon da kwali mai tauri a zuba a kwalba mai murfi, kuma kada a kusance shi da tsintsiya ko injin zuƙar ƙura.